Rabon Wanda Bai Iya Magana Ba: Jariri da Gado, a Ruga da Bakin Iyaka

  Ina gaida iyayenmu makiyaya da ke mashekari, da fatake masu jiran a buɗe shinge a Jibiya da Ɗan Isa, da na Illela da Birnin Konni, da na Kamba da Gaya, har zuwa Maigatari. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kiyaye garke.

Maganar yau mai nauyi ce, kuma na san wasu za su ce yaro ƙarami me ya kai shi zancen gado. Ku yi mini uzuri. Abin da zan faɗa yana nan cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, kuma kowane malamin gado zai tabbatar muku. Tambaya ɗaya na zo da ita: Alhaji, Baffa, in ta Allah ta kasance gobe kana hanya, jaririn da ke goye a bayan iyalinka, ko wanda ke ciki bai ma fito ba, wa zai tsaya masa?

Babban ɗa ya san shanu da sunayensu. Ya san dillalin da ke riƙe da kuɗinka, ya san shagon da ka ajiye buhunan wake. In aka zo rabo zai buɗe baki. Jariri kuwa kuka kawai ya iya. Alhali a shari'a, ɗan kwana bakwai da ɗan shekara arba'in rabonsu ɗaya ne, in dai 'ya'yanka ne maza. Gemu ba ya ƙara wa mutum ko maraƙi ɗaya.

Mu fara da ciki, don nan ne aka fi yin ɓarna, sau da yawa ba da mugun nufi ba, gaggawa ce kawai. Mutum ya rasu, dangi sun taru daga nesa, wani daga Maraɗi, wani daga Zamfara, kowa na son ya koma kafin ruwa ya sauka. Sai a ce a raba a huta. To, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne, in mamaci ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabon har ta haihu. Ga dalilin a lissafe. A ce mutum ya bar shanu 40 bayan an biya bashinsa, iyayensa sun riga shi rasuwa, yana da mata biyu, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matan nan biyu tumuni za su raba tsakaninsu, wato ɗaya cikin takwas, shanu 5. Saura 35. In babu ciki, kowane namiji zai ɗauki 14, macen 7. Amma in amarya ta haifi namiji, kowane namiji ya koma 10, macen 5, jaririn ma 10. Shanu goma ke nan na wanda bai san ma an yi ba. In an riga an raba, wannan ya kora nasa arewa wajen Ingal, wancan ya sayar ranar Alhamis a Maigatari, a ina za a tattaro su?

Ga wani misalin da ya fi wannan tsanani. Mutum ya bar shanu 24, da mata ɗaya mai ciki, da 'ya mace ɗaya, da ƙanensa shaƙiƙi. In matar ta haifi mace, ita uwar ta ɗauki 3, 'yan matan biyu su raba 16, ƙanen ya samu 5. In ta haifi namiji, uwar 3, yaron 14, yayarsa 7, ƙanen mamaci ba shi da komai. Yanzu ku duba da kyau: mutumin da zuwan jaririn nan ya hana shi gado, shi ne dai baffan da bisa al'ada za a danƙa wa garken ya riƙe. Ban ce baffanni macuta ba ne, Allah Ya kiyaye, da yawansu sun riƙe marayu fiye da 'ya'yan cikinsu. Amma ɗora wa mutum irin wannan jarrabawa ba shaida ba rubutu, zalunci ne gare shi shi ma. Ko ya yi gaskiya sai an zarge shi.

Akwai kuma sharaɗin a haifi jaririn da rai, kuma alamar da malamanmu suka fi dogaro da ita ita ce kukansa. In ya yi kuka sannan ya koma, ya ci gado, kuma rabonsa zai wuce ga magadansa, ciki har da uwarsa. To a ruga, cikin dare, wa ya ji kukan? Mata ne. Shi ya sa ake karɓar shaidar mata biyu a kan haihuwa da kukan jariri. Iyaye mata da ungozoma, ku riƙe wannan. Mace mai takaba in ta zo haihuwa, kada a bar ta ita kaɗai a bukka. In da hali a kai ta likita, don lafiyarta da ta jaririn, kuma don abin da ya faru ya shiga littafi.

Wani abu da mazaje da yawa ba su sani ba: a Malikiyya matar da mijinta ya rasu ba ta da ciyarwa daga dukiyar da ya bari, ko da tana da ciki. Tana da haƙƙin zama a gidansa har ta gama idda in gidan mallakarsa ne, amma abinci daga nata rabon zai fito. Ga rabo an dakatar. Me za ta ci wata biyar ko shida? Mai shayarwa da ba ta ƙoshi ba, jaririnta ne ke fara ramewa. Maganin wannan yana hannunka yau, kana da lafiya. Ware mata saniyar tatsa ɗaya ko biyu, ko jarin da take juyawa, ka ba ta kyauta a gaban mutane, ta karɓa ya zama nata. In akwai sauran sadakinta a kanka, ka faɗa, bashi ne, kuma bashi ake fara biya kafin gado.

Tunda na ambaci kyauta, bari in tsaya a kanta, don a nan makiyaya suka fi 'yan kasuwa dabara tun kaka da kakanni. Al'adar nan ta nuna wa jariri karsana ranar suna, ita da abin da za ta haifa su zama nasa, tanadi ne mai kyau ƙwarai. Yaro na girma, dukiyarsa na girma tare da shi. Inda matsala take shi ne karsanar tana nan cikin garken uba, ba abin da ya raba ta da sauran sai sanin mutum biyu ko uku. Shekara biyar ta zama huɗu ko biyar, uba ya faɗi, sai a wayi gari an haɗa su cikin gado. Kyautar da uba ya yi wa ƙaramin ɗansa tana tabbata ne da shaidu, tunda shi ke riƙe masa. Don haka ranar suna, bayan an shafa fatiha, ka faɗa da ƙarfi a gaban liman da arɗo: wance, ja mai farin goshi, 'yar wance, ta yaron nan ce. A rubuta. Wanda kuwa ya bari sai yana kwance ciwon ajali sannan ya fara rabon kyauta, wannan hukuncin wasiyya ya hau kanta, ba za ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda.

Haka nan dabbobin da ba naka ba. Garke ɗaya, amma ciki akwai na matarka, akwai na habbanaye da wani ya ara maka, akwai na wani alhajin birni da kake yi wa kiwo. Kai ma naka suna garken wasu. Duk wannan lissafin yana cikin kanka, kuma ranar da aka kai ka makwanci, da shi za a rufe ka.

'Yan kasuwa, na dawo kanku, don naku ya fi rikici. Dukiyarku ba ta kwana wuri ɗaya. Rabi naira, rabi sefa. Kaya na Kwatano, kuɗi na hannun ɗan canji, wani bashin na Dawanau, ga zubin adashe, ga gonar jingina a ƙauye. Kun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Kun sake gani bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, aka rufe har Maris 2024. Mutum na wannan gefe, kayansa na wancan. Wanda ya rasu a irin wannan lokaci, iyalinsa ko wurin da za su fara tambaya ba su sani ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma mu sai mu ce ai amana ce, kunya ba za ta bar ni in ce wa maigidana ya sa hannu ba. To, amanar tsakaninku ce ku biyu. Ɗanka na goye bai san shi ba, ɗansa ma bai san ka ba. In za ka rubuta, ka faɗi irin kuɗin. Wanda ya ba da bashin sefa aka rubuta lamba kawai, magada suka zo aka biya su da naira bayan faɗuwar da ta yi tun 2023, an cuce su ko ba a yi niyya ba. Ka kuma rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, duka biyun. Boko ko ajami, duk rubutu ne. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin liman ko mai gari. Saƙon murya a waya yana taimakawa, amma waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, kuma ba ta maye gurbin shaidu biyu adilai.

Kuɗin da ke banki da na cikin waya su ma abin lura ne. Sunan da ka cika a takardar banki a matsayin makusancinka bai mai da mutumin magaji ba. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardun kotu, kuma in an sake su, na dukkan magada ne. Amma aƙalla a san akwai asusun. Mutum nawa ne matansu ba su san ma da wane banki suke hulɗa ba?

Sai babbar magana, wadda in ita kaɗai kuka ɗauka yau ta isa: naɗa wasiyyi. Uba yana da ikon ya zaɓi wanda zai kula da dukiyar ƙananan 'ya'yansa bayansa. Ba dole sai babban wa ba. Ka duba wanda ka sani da tsoron Allah da iya riƙo, ka tambaye shi ya amince, ka faɗa a gaban shaidu. In ba ka yi ba, alƙali ne zai naɗa, ko kuma, kamar yadda aka fi yi, wanda ya fi kusa da turke ya riƙe kawai. Kuma ku bambanta abu biyu: riƙon dukiya daban, renon yaro daban. Reno na uwa ne. In ta yi wani aure, a Malikiyya kaka ta wajen uwa ce ke biye. Raba jariri da nono don wai shanunsa na hannun dangin uba, wannan ba shi da tushe. Shi kuma wasiyyi, Suratun Nisa'i ta yi masa bayani tun daga farkonta: ya riƙe, ya miƙa in yaro ya yi hankali, ya kafa shaidu ranar miƙawa. Shawarata a ƙidaya dabbobin a rubuta tun ranar karɓa, a riƙa sake ƙidayawa duk kaka a gaban uwar yaron. In wata ta mutu ko ɓarayi sun kora, a sanar a lokacin.

Kada in manta da jikoki. Yaron da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Kaka, in kana da irin wannan maraya a gidanka, sulusin nan da shari'a ta bar maka ka yi wasiyya da shi, ga inda zai yi amfani.

Saura takarda. Da yawa cikinku kuna da gida biyu, ɗaya a Nijar ɗaya a Najeriya, kuma wani lokaci gidan can bai san an haihu a gidan nan ba. Ranar rabo sai a ce ba mu san shi ba. Takardar haihuwa mai ɗauke da sunan uba tana rufe wannan bakin. A Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, doka ta ce a yi rajista cikin kwana 60, kuma ana samun ma'aikatanta a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma. A Nijar ana shaida haihuwa a likita ko wurin mai gari, takarda ta fito daga ofishin magajin gari. In aka yi jinkiri wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu, ga wahala ga kashe kuɗi. Tafiya ɗaya ce za ta yi maka aiki biyu: a ɗiga wa jariri maganin shan inna, a yi masa allurar tarin fuka, a ba uwar kati, sannan a rubuta sunansa. Katin nan a sa shi cikin leda, a ajiye cikin kayan uwar, duk inda garke ya nufa ya bi ta, don ma'aikatan lafiya na kowane gefe su ga inda aka tsaya su ɗora.

Lokaci ya yi halinsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu zauna da malamin gado ya amsa tambayoyinku, musamman a kan dabbobin habbanaye in mai aro ko mai bayarwa ya rasu. Wanda ke da tambaya ya aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni. A gaida gida, a gaida masu jego.