Kwamfuta da Tsara Wuraren Jiran Motocin Asibiti



Likitoci sun tabbatar da cewa wanda zuciyarsa ta tsaya, in ba a kawo masa ɗauki ba, kowane minti guda yana rage masa damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Saboda haka tambayar da ke gaban hukumar lafiya ita ce: a ina ya kamata motar asibiti ta tsaya jiran kira?

Ba ya halatta a yi gwaji da rayukan jama'a domin neman amsa. Abin da masana ke yi shi ne su kwaikwayi gari cikin kwamfuta. A ba ta taswirar unguwanni da tituna, da bayanin kiraye-kirayen da suka gabata, watau inda kowanne ya fito, da lokacinsa, da tsawon zaman mota a kansa. Daga nan na'urar ta riƙa ƙago kira, tana tura motar da ta fi kusa, tana lissafa jiran majiyyaci. In an sauya wa motocin wuri, sai a maimaita, a gwada sakamakon da na farko.

A 1969 E. S. Savas, jami'in hukumar birnin New York ta Amurka, ya wallafa irin wannan bincike a kan yankin asibitin Kings County. Ya nuna cewa ƙara motoci a harabar asibitin ba ya rage jira sai kaɗan, amma girke su kusa da unguwannin da kira ya fi yawa yana rage shi ƙwarai, kuma da kuɗi kaɗan.

Sai dai fa na'ura ba ta sanin abin da ba a gaya mata ba. Tsakanin 1972 da 1976 birnin nan ya rufe rukunonin 'yan kwana-kwana da dama, yana kafa hujja da lissafin cibiyar RAND. Gobara ta yi mummunar ɓarna a kudancin Bronx, masu suka kuwa suka ce alkaluman da aka yi lissafin da su gurɓatattu ne tun farko.

Ashe ke nan aikin yana farawa ne daga teburin akawun da ke rubuta lokacin da kira ya shigo da lokacin da mota ta isa. In ya rubuta daidai, lissafi ya tsaya. In ya yi sakaci, majiyyaci ne zai biya da ransa.

Allah ya ba da lafiya, amin.