Ƙauyen da Ya Rufe Kansa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An ba ni minti goma in yi magana kan tarihi, sai na zaɓi wani ɗan ƙauye a Ingila da na taɓa ziyarta. Ana rubuta sunansa Eyam, amma masu garin "Im" suke cewa. Yana cikin gundumar Derbyshire, ba nisa da birnin Sheffield.

A shekarar 1665 annoba na cin mutane a Landan. Daga can aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi, ashe da ƙuma a ciki, irin wadda ke ɗauke da cutar. Yaron shagon, George Viccars, shi ya kwance kayan ya shanya a bakin wuta. Cikin Satumba aka binne shi. Daga nan mutuwa ta shiga gida-gida.

Da bazarar 1666 ta zo abin ya tsananta, kowa ya fara ɗaure kayan gudu. A nan ne limamin cocinsu, William Mompesson, ya roƙe su su zauna, kada su kai wa maƙwabta wannan masifa. To amma shi baƙo ne, a 1664 aka kawo shi. Wanda jama'a ke jin maganarsa shi ne tsohon limami Thomas Stanley, wanda aka tuɓe don ya ƙi bin sabon tsarin ibada na cocin Ingila. Kun ga ba su sha ga miciji da gaske ba, amma kishiyoyi ne a kujera ɗaya. Duk da haka suka haɗa baki. Ni a ganina, da Stanley ya kame bakinsa, da babu wanda zai zauna.

Aka shata iyaka, ba shiga ba fita. Basaraken yankin da ke Chatsworth da mutanen ƙauyukan kusa suka riƙa ajiye abinci a bakin iyaka. Akwai wani dutse mai ramuka da ake zuba wa ruwan khal, a jefa kuɗin ciniki a ciki don a kashe cutar. Aka bar taruwa a coci, aka koma ibada a wani kwari a fili. Kowane gida ya binne mamatansa. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a watan Agusta. A watan ne kuma Catherine, matar Mompesson, ta rasu. Zuwa Nuwamba 1666, mutum kimanin 260 sun tafi.

Wasu masana na ganin kullen ya ƙara yawan mace-mace a cikin ƙauyen kansa. Ba na musu. Wannan ne ma ya sa labarin ya yi nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka adana abin. Gidajen duwatsun suna nan da mutane a ciki, an kafa allo a gaban wasu da sunayen waɗanda suka mutu a gidan. Kaburburan iyalin Hancock suna cikin wani fili, an kewaye su da katanga. A 1994 suka buɗe gidan tarihi. Kowace Lahadin ƙarshe ta Agusta kuma suna taruwa a wancan kwarin su yi addu'a, a ɗora jajayen furanni a kan kabarin Catherine.