Shiri Kafin Ruwa Ya Sauka: Jawabi Ga Dattawa Da Membobin Ikilisiyoyinmu Na Karkara



A watan Satumba na 2023 girgizar ƙasa ta afka wa ƙasar Maroko, ta kashe mutane kusan 3,000. Yawancinsu mazauna ƙauyuka ne masu ginin ƙasa irin namu. Duwatsu sun toshe hanyoyi, saboda haka waɗanda suka fara tono mutane daga ƙarƙashin gini maƙwabtansu ne, kafin ma'aikatan ceto su iso.

Mu a nan girgizar ƙasa ba ta dame mu ba. Abin da ke rushe mana gida ruwa ne. Dattawa suna tune da fashewar dam ɗin Bagauda a Agusta 1988. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, maƙwabciyarmu Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. A yankin Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bici gidaje a cushe suke, gona na manne da gona. Katanga ɗaya in ta faɗi, takan taɓa gida biyu.

Ginin ƙasa daga tushe yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta jiƙe, soro ya sha ruwa ya yi nauyi, cikin dare sai ya rufta kan masu barci. Don haka muna roƙon kowace ikilisiya ta yi waɗannan abubuwa kafin watan Yuni.

Na ɗaya, a kira gayya a yi yaɓe, a gyara indararo, a buɗe magudanai. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi.

Na biyu, a ɗaga rumbu bisa duwatsu, a ware irin shuka a ajiye wuri mai tudu. Wanda ya rasa iri ya rasa damina biyu.

Na uku, a ɗaga bakin rijiya, a rufe ta. Bayan ambaliya ruwan masai yakan shiga rijiya, amai da gudawa su biyo baya. Zumuntar Mata ta koya wa kowane gida haɗa ruwan gishiri da sukari.

Na huɗu, dattawa su rubuta sunayen gidaje da yawan mutanensu, su kai wa mai unguwa da dagaci kwafi. Hukumar NEMA da ta jiha da lissafi suke raba taimako, mu kuwa tsiraru ne, sunan da ba ya cikin takarda yana da sauƙin tsallakewa.

Na biyar, inda majami'a ke kan tudu, a sanar tun yanzu cewa ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ɗakinsa ya tsage, Kirista ko Musulmi.

Mu riƙa sauraron hasashen damina na hukumar NiMet a rediyo. Kowace ikilisiya ta naɗa mutum uku su kula da wannan aiki, su kawo rahoto a taronmu na gaba. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.