Waɗanda Sanƙarau Ya Bari da Masu Jinyarsu: Jawabin Ma'aikatan Jinya na Ikkilisiya

Barkanmu da ganin wannan rana ta cika shekara hamsin.

Mu ma'aikatan jinya ne na cikinku. Kwamitin biki ya ba mu ɗan lokaci, muka ga ya kamata mu yi magana a madadin waɗansu mutane da ba su iya zuwa taro irin wannan.

Manyanmu za su tuna da bazarar 1996, sa'ad da sanƙarau ya auka wa Arewa. A Nijeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, Asibitin Zana na nan Kano kuwa ya cika ya batse. An ƙirga matattu, aka yi makoki, aka watse. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin mutum biyar da suka tashi daga irin wannan ciwo, ɗaya yakan tashi da lahani na dindindin: kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar hannu da ƙafa, ko taruwar ruwa a kai. Allurar rigakafin da aka soma a ƙasarmu a 2011, da sabuwar da aka kawo a 2024, sun kare yara da yawa, muna kuwa murna da wannan. Sai dai allura ba ta mayar wa wanda ya riga ya shanye ƙafarsa ba.

Bari mu kai ku Madabo, tsohuwar unguwar malamai a cikin birni, ba nisa da Dutsen Dala. Ta wurin aikin asibiti ɗaya daga cikinmu ta saba da wata tsohuwa a can, wadda ɗanta ya kamu a shekarar nan yana ɗan shekara huɗu. Yau ya haura talatin. Ba ya ji, ba ya magana, ba ya iya zama sai an tallafe shi. Lungun gidansu ƙunci gare shi, ga kwata a tsakiya, a-daidaita-sahu ba ya shiga. In za a kai shi gashi asibiti sai an nemi samari biyu su ɗauko shi a tabarma har bakin titi, saboda haka yawancin ranakun da aka ba su wucewa suke yi. Uwar ce mai wanka, ita ce mai wanki, ita ce mai ba da abinci, ta manta rabonta da zuwa suna ko biki. Ran nan ta riƙe hannun 'yar'uwarmu ta ce, "'Yar nan, in na riga shi tafiya, wa zai juya shi?" 'Yar'uwarmu ta ce, "Inna, Allah na nan," ta fito tana share hawaye, gama ta san amsar ba ta cika ba.

Wannan tsohuwa ba ta ikkilisiyarmu ba ce, amma tambayarta tana cikin gidajenmu. Mun san ɗakuna a Sabon Gari inda ake rufe irin waɗannan 'ya'ya idan baƙi sun zo, don kunya, ko don wani ya ce aikin iska ne. Akwai kuma masu ciwon jijiya da ba a cika gani ba, kamar yaran da tsokarsu ke narkewa a hankali har su daina tafiya, iyaye su yi ta yawo shekara da shekaru kafin su ji sunan ciwon.

Abin da jinyar nan ke bukata ba ya wuce ƙarfinmu. Wanda ba ya motsi, a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambo zai huda masa baya da ƙugu. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu, kada ya ƙware ya shiga huhu. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a gudu, gama yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In jijjigar ta wuce minti biyar, a nufi asibiti. Magani kuwa ba a yanke shi don an ga sauƙi, ko da shi ke mun sani sau da yawa rashin kuɗi ne ke yanke shi.

Ga roƙonmu. Muna neman mutum goma sha biyu, maza da mata, da kowannensu zai ba da awa uku a mako ya karɓi mai jinya, domin ta yi barci ko ta je kasuwa. Mu za mu koya musu ɗagawa da juyawa. Muna roƙon dattawa su keɓe wani abu daga baikon bikin nan domin magani, sabulu da ledar shimfiɗa. Sa'an nan ƙofar majami'armu: tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa gare su, mu kuwa har yau matakala huɗu ce ke tarbar keken guragu. Magina suna cikinmu, buhun siminti kaɗan ne.

Littafin rubuta suna yana wurin magatakarda a bakin ƙofa bayan an tashi. Horo na fari ranar Asabar mai zuwa ne, da ƙarfe huɗu na yamma.