Tsohon Itace Ba Na Murhu Kaɗai Ba Ne

Gaisuwa ta musamman ga matan Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, da na ƙauyukan kewaye. Yau za mu yi magana ne a kan tsohon itacen da ke jibge a bayan ɗaki: turmin da ya tsage, taɓaryar da ta karye, da ƙyauren da aka cire. Da yawanmu murhu muke kai su. To uwargida, dakata tukuna, da tsohuwar zuma ake magani.

A wannan yanki namu gona na jikin gona, babu sauran daji. Kowace ɗorawa, kowane gawo, yana da mai shi. Kiryar da ake sassaƙa turmi da ita kuwa tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi ta yi ƙaranci. Shi ya sa tun 2007 ƙasashen Afirka suka ɗauko shirin babbar katangar itatuwa don tare hamada, kuma Kano na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya. Ke nan duk itacen da kika ceta daga wuta, kin rage wa wata bishiya gatari.

Me za a yi da su? Tsagaggen turmi, masassaƙi zai yanke gindinsa da ke da sauran ƙwari ya fitar miki da kujera 'yar tsugunno. In ba haka ba, ya zama wurin zuba wa awaki dusa. Guntun taɓarya yakan ba da muciya ko ƙotar gatari. Katakon ƙyaure, kafinta zai haɗa miki kanta ta jere, ko ɗan teburin ɗora ƙuli-ƙulin sayarwa. Ba sai kin fita ba. Ki nemi izinin maigida, ki aiki yaro da kayan, a yi ciniki kafin a fara aiki.

Amma ki fara dubawa. Ƙwanƙwasa itacen: in kin ji holoƙo, ko kin ga gari na zuba, gara ko ƙwaro sun riga ki. Ki zare ƙusoshi, ki shanya shi a rana.

Idan kaya sun dawo, sauran aikin naki ne. Ki goge da samfefa, ki ɗora bakin wuƙa a wuta, ki yi zane irin wanda ake yi wa ƙwarya, sannan ki shafe da man gyaɗa. Kujerar da ta sha ado ba ta jin kunyar shiga ɗakin amarya, kuma kuɗinta ya fi na wadda aka bari haka nan.

Sai gargaɗi guda. Katako mai tsohon fenti kada a yi akushi ko muciya da shi, kada a kankare shi kusa da yara, kada kuma a dafa abinci da shi. Wasu fentin na ɗauke da dalma, gubar nan da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinariya ta fito.

Don haka yau bayan la'asar, ki leƙa bayan ɗaki ki ware abin da zai moru. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.