Furotin na Ribosom ɗin Ɗan Adam: Yadda Ake Samar da Su a Ɗakin Bincike da Amfaninsu



Wannan lacca za ta fara ne da wata cuta ta jarirai wadda likitoci biyu na birnin Bostan a Amurka, Louis Diamond da Kenneth Blackfan, suka bayyana a 1938. Jariri mai wannan cuta yakan ɗashe kafin ya cika shekara, domin ɓargonsa ya kasa yin jajayen ƙwayoyin jini. Irin wannan yaro yakan rayu ne da maganin sitiroyid, ko ƙarin jini a kai a kai, ko dashen ɓargo. An shafe shekara sittin ba a san asalin cutar ba, sai a 1999 masu bincike a Uppsala ta ƙasar Siwidin suka gano cewa a wasu majinyatan, ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin wani furotin mai suna RPS19 ce ta sami naƙasa. Daga baya aka tabbatar cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar nan ne matsalarsu take.

Shi RPS19 yanki ne na ribosom, watau masaƙar da ke cikin ƙwayar halitta, wadda take karanta saƙon gado tana jera amino asid har su zama furotin. George Palade ne ya bayyana ta a 1955 da madubin ilektiron. Ta ɗan Adam ɓangare biyu ce, ƙarami da babba, an gina su da zaren RNA huɗu da furotin kimanin 80. To, a nan tambaya ta taso: tun da kusan kowace gaɓa ta jiki da wannan masaƙa take aiki, me ya sa lalacewar yanki ɗaya take fi taɓa jini?

Ba a iya amsa wannan sai an sami furotin ɗin shi kaɗai, tsarkakakke, mai yawa. Tatso shi daga naman mutum abu ne mai wuya ƙwarai, domin a manne yake da RNA da sauran 'yan'uwansa. Mafita ta fito ne daga aikin Stanley Cohen da Herbert Boyer na 1973, waɗanda suka nuna ana iya yanko ƙwayar gado a dasa ta cikin bakteriyar E. coli. Da wannan dabara aka yi insulin na ɗan Adam a 1978.

Ga yadda aikin yake. Ana saka ƙwayar gadon RPS19 cikin wani ƙaramin zoben DNA, a tura shi cikin bakteriya. Ita kuwa takan rabu biyu cikin kamar minti 20 idan ta sami abinci da ɗumi, saboda haka dare ɗaya kwalba takan cika. Sa'an nan a zuba sinadarin da zai sa ta fara saƙa furotin ɗin baƙo. Tun farko akan liƙa wa furotin ɗin jelar histidin guda shida, wadda take kama ƙarfen nikel. Idan aka farfasa bakteriyar aka tace ruwan ta cikin bututu mai nikel, sai shi ya maƙale, saura su wuce. Abin da aka samu shi ake kira furotin ɗan dashe.

Amfaninsa a fili yake. Ana yin mai lafiya da mai naƙasa a gwada su, a ga wanne ne ya kasa kama RNA. Ana yi wa zomo allurarsa domin a sami ƙwayoyin garkuwa da za a riƙa gane furotin ɗin da su. Har ila yau, gwaje-gwaje irin waɗannan sun taimaka wajen nuna cewa idan ginin ribosom ya tsaya, RPL5 da RPL11 sukan kama wani furotin mai suna MDM2, sai p53 ya taru ya hana ƙwayar halitta rabuwa ko ya kashe ta. Wannan yana cikin bayanan da ake bayarwa game da mutuwar ƙwayoyin da ke haifar da jini a ɓargo. Bugu da ƙari, asibitoci suna amfani da furotin P na ribosom, 'yan dashe, wajen gwajin jinin masu cutar lufus.

Sai dai lalle a yi hattara. Ƙoshiya ita kaɗai ba masaƙa ba ce. Furotin na ribosom idan ya rabu da RNA yakan dunƙule ya zama gudaji, kuma bakteriya ba ta yi masa wasu gyare-gyaren da ƙwayar ɗan Adam take yi. Don haka wajibi ne ɗalibi ya auna tsarkinsa, ya tabbata ya naɗu daidai, ya kuma maimaita gwajin cikin ƙwayar halitta mai rai kafin ya yanke hukunci. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayen kayan bincike shi ma ya nemi shaidar wannan awo, domin sakamakon da aka gina a kan gurɓataccen furotin yana ɓata kuɗin jama'a, yana kuma jinkirta maganin yaran da ke jira.