Ranar da Kaset Ya Ƙi Maido da Bayanai



A watan Fabrairun 2011, kuskuren manhaja ya share wasiƙun wasu masu amfani da Gmail, har da kwafin da ke kan faifai. Da kaset kamfanin Google ya maido musu da su. Irin wannan rana ce ta sa muke kwafe bayanan sabar zuwa faifai kowane dare, bayan wani lokaci mu kwashe su zuwa kaset mu kai ma'ajiya. To amma idan ranar ta zo, aka ɗauko kaset ya ƙi ba da fayil, nan take sai ka ji an ce, "Ai kaset ya lalace." Ina roƙonku ku daina saurin yanke wannan hukunci. Sau da yawa kaset lafiyarsa ƙalau, abokan tafiyarsa ne suka ɓace.

Ku fara da kundin rajista, wato inda manhajar ajiya ke rubuta wane fayil ne ke kan wane kaset, kuma a wane wuri. Wannan kundi yana da wa'adinsa daban da na kaset. A manhajar Bacula, alal misali, wa'adin sunayen fayiloli daban, na aikin ajiya daban, na kaset daban. Mutum ya ba kaset shekara 7, ya manta ya bar sunayen fayiloli a 'yan watanni. Ranar buƙata ya nemi fayil, manhaja ta ce ba ta san shi ba, alhali yana nan kwance. Maganin shi ne a sake karanta kaset tun daga farko a gina rajistar, aikin da bscan na Bacula ke yi. Sai dai ku sani, kaset ɗin LTO-8 yana ɗaukar terabait 12, kuma karanta shi cike yana cin fiye da awa 9. Shugaban ma'aikata na tsaye a kanka, kai kuma kana kallon fitilar na'ura tana ƙyaftawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Daga nan a duba sarƙar ajiyar. Ajiyar da ke ɗaukar canje-canjen yini kaɗai ba ta tsayuwa sai da cikakkiyar ajiyar da aka ɗora ta a kai. Idan an kwashe ƙananan zuwa kaset, cikakkiyar kuma ta cika wa'adi a faifai aka goge, abin da ke hannunka guntaye ne.

Mabuɗi shi ne ya fi tayar mini da hankali. Tun daga LTO-4 na'urar kaset da kanta ke iya kulle bayanai da tsarin AES-256. Idan mabuɗin yana cikin sabar ɗin da ta mutu, ba gwanin da zai buɗe kaset ɗin, ko kamfanin da ya ƙera shi. A ajiye kwafin mabuɗi a wani gini, a hannun mutum fiye da ɗaya.

Sai na'urar karantawa. Har zuwa LTO-7, na'ura tana karanta kaset na zubi biyu a baya. A LTO-8 aka rage zuwa zubi ɗaya. Wanda ya sayi LTO-8 ya yar da tsohuwar na'urarsa, kasusuwansa na LTO-6 sun zama kurame. A Linux kuma, idan ka ga saƙon da ke cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba, kafin ka ƙara wa injin komai ka duba girman ƙunshin da aka rubuta kaset da shi, domin galibi ya fi wanda ka nemi a karanta.

Bayan duk wannan ne za a tuhumi jikin kaset. Mu da muke fama da ƙurar hunturu da zafin bazara, wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙura tana toshe kan karantawa, a yi ta samun kuskure. A sa kaset ɗin shara, sannan a gwada wani kaset a na'urar, a gwada wannan kaset a wata na'ura, a ga wanda kuskuren ya bi. Kaset ɗin da aka ɗauko daga mota mai zafi kuma a bar shi ya kwana a ɗakin kafin a saka shi.

Abin da nake nema daga kowane sashe shi ne gwaji duk wata uku. A zaro tsohon kaset daga ma'ajiya, a kai shi injin da bai taɓa ganinsa ba, a rufe kundin rajista, a sa ma'aikacin da ba shi ya yi ajiyar ba ya maido da fayil. A kwatanta lambar SHA-256 ta fayil ɗin da ta asali, a rubuta awa nawa aikin ya ci.